Alhamis ɗin da na huta a Kalgo

Gwandu,
Lahadi, tara ga watan Safar.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma tun azahar nake jin motsinka kana haɗa kaya. Allah ya tashe ka lafiya gobe, ya kai ka Ilorin lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin wanda za ka tarar a can.

Shekara goma sha tara ke nan ana ba da labarina a garin nan ba daidai ba. A majalisar bakin kasuwa, in wani ya sa rana ya saɓa, sai a ce ya yi hutun Kalgo, a bushe da dariya, ko ina zaune ko ba na nan. Na san ka ji. Na san an gaya maka cewa ubanka ya fita neman gafarar ɗan'uwansa da ƙafa, ya ga katifa a Kalgo ya kwanta. Cikin masu dariyar nan akwai waɗanda ni na koya musu riƙe alƙalami. Babu ɗaya da ya taɓa zama ya tambaye ni yadda aka yi. Kai ma ba ka taɓa tambaya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan dariyarsu. To ga shi na rubuta maka. Ka san bakina, duk maganar da na fara da kai sai ta koma faɗa. Rubutu kaɗai ya rage mini cikin abin da na koya. Na sa a bayan ambulan cewa ka karanta kafin motarku ta bar tashar Birnin Kebbi, kuma akwai dalili.

Ni ba ɗan Gwandu ba ne, aiki ya kawo ni, aure ya zaunar da ni. An haife ni a tungarmu ta bakin gulbi, tafiyar yini guda da ƙafa daga Kalgo in ka bi hanyar Bunza ka ratse. Mahaifinmu ya rasu ina da shekara shida. Baffanka Umaru, wanda nake kira Yaya, shi ya riƙe ni. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, masunci ne, bai taɓa shiga aji ba. Auta yake kirana, don ni ne ƙarshe a ɗakinmu. Ranar da na samu gurbi a kwalejin horon malamai, shi ya ɗauki akwatina na ƙarfe a kansa tun daga tunga har Kalgo inda za mu samu mota. Ni ina bayansa, ba na ɗauke da komai sai sababbin takalmana a hannu, don ya ce kada in lalata su kafin in isa.

Na yi karatu, na zama malami, na zama hedimasta, aka ɗaga ni mai duba makarantu. Wata ranar kasuwar Kalgo muna cikin motar ofis, ni da manyana biyu, sai na hango shi a bakin titi da kwandon bandar kifi a ka, gumi ya jiƙa masa riga. Shi ma ya gan ni. Ya ɗaga hannu, ya ƙwala mini kira da sunan nan, Auta, har sau biyu. Akwai wuri a motar. Na juya fuskata wajen takardun da ke kan cinyata. Ɗaya daga cikin manyan ya tambaya ko na san shi, na ce wani mutumin ƙauyenmu ne. Motar ta wuce. Waɗannan manyan biyu, da na guje wa warin kifi saboda su, su ne daga baya suka sa hannu a takardar da ta sauke ni daga aiki kafin lokacina.

Kabiru, za ka shiga cikin mutane masu kyawawan kaya, za su ja ka jiki muddin kana da amfani. Wata rana wani naka zai ɓullo a gabansu da tufafin da ba su dace da wurin ba, ya kira ka da sunan da ba su sani ba. Ka amsa da ƙarfi. Ka tashi ka kama hannunsa, ka ce musu wannan ɗan'uwana ne. Kunyar ba ta wuce minti ɗaya. Tawa da na guje wa, ga ni ina ɗauke da ita shekara talatin.

Yaya bai taɓa tayar da maganar ba. Muna haɗuwa wajen suna da ta'aziyya, mu gaisa, kowa ya kama gabansa. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Sai da aka raba ni da kujera, na dawo gida ina zaman ƙofar gida, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sannan na fara ganin hannun nan nasa a ɗage duk lokacin da na rufe ido. Ka lura, ban tuna da shi ba sai da kowa ya manta da ni. Ba na yaba wa kaina da wannan tuban.

Na yanke shawarar in je in roƙe shi gafara, kuma in je da ƙafa tun daga Gwandu, tunda a mota na yi laifin. Niyyar ba ta da aibi. Yadda na bi da ita ne ya ɓaci. Da farko na sanar a majalisa, don a san har yanzu ina iya yin abin da za a yi magana a kai. Sannan na zauna na rubuta wa Yaya wasiƙa da boko, shafi biyu, na ce zan taso Litinin, in iso ranar Alhamis kafin la'asar, da ƙafata. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta tambaye ni wa zai karanta masa. Na ce mata wannan ba damuwarta ba ce. Ashe tambayar ita ce duka maganar. Yaya ya kai wa malamin firamaren tunga takardar a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, malamin ya karanta da babbar murya kamar yadda aka saba karanta takardar hukuma. Kafin la'asar duk tunga ta san Auta zai zo da ƙafa ranar Alhamis. Ni da na yi shekaru ina koyar da rubutun wasiƙa, ban yi tunanin cewa wanda ba ya karatu ba shi da sirri da takarda ba.

In za ka nemi gafarar mutum, kada ka sanar da gari. Kada ka aika takarda gabanka. Ka je kawai. In kuma har ka sa wa mutum rana, ka sani ranar ta fita daga hannunka, ta zama tasa. Zai yi shiri a kanta, zai gaya wa mutane, zai jingina mutuncinsa da ita.

Na fita Litinin bayan asuba, damina ta yi nisa. Mahaifiyarka ta sa mini ƙuli-ƙuli da man kaɗe a jaka, ta miƙo mini takalman roba. Na ƙi, na sa na fata waɗanda nake zuwa ofis da su. A ƙasan jakar na ninke babbar rigata ta shadda fara, wadda na yi niyyar sawa in na kusa shiga tunga. Ran farko na wuce Kambaza na kwana a zauren wani tsohon ɗalibina. Rana ta biyu ruwa ya kama ni a fili, babu wurin fakewa, na zame a wata kwata na faɗi da jaka da komai cikin taɓo. 'Yan kabu-kabu suna wucewa suna tsayawa, suna cewa Baba hau mu rage maka, ina ƙi. Wani ya tambaye ni ko wani ɗan siyasa nake yi wa tattaki. Ran Laraba da la'asar na shiga Kalgo, dugadugaina duk sun yi bororo, biyu sun fashe sun manne da safa.

Akwai wani masauki a bayan tasha a lokacin, ɗakuna shida a jere da rumfar kwano a gaba, direbobi suka fi kwana a ciki. Mai shi wani tsohon direban babbar mota ne, Alhaji Bawa, mutum mai ƙiba da yawan zolaya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi sana'ata. Na ce ni mai duba makarantu ne. Ban ce a da ba. Nan take ya fara kirana Yallaɓai, ya sa aka share mini ɗakin ƙarshe mai taga, aka kawo mini ruwan zafi da gishiri a daro. Shekara biyu rabon da wani ya ce mini Yallaɓai. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da masu dariyar kasuwa ba su sani ba.

Da na kwance jaka na tarar taɓo ya ratsa har cikin farar rigar. Akwai mai wanki da guga a gefen masaukin, na ba shi, ya ce da safe. Da safen Alhamis gari ya wayi da hadari, babu rana, rigar tana kan igiya a jiƙe. Na tsaya na taka ƙafata a ƙasa. Da ciwo, amma tana takuwa. Na faɗa maka gaskiya yau: da na ɗaure dugadugan da tsumma na sayi takalman roba a tasha, da na isa, ko da bayan la'asar ne, ko da ina ɗingishi. Sai na gaya wa kaina cewa jiki yana da haƙƙi, cewa kwana ɗaya ba komai ba ne a kan shekara goma sha ɗaya, cewa bai dace in tsaya gaban Yaya da rigar da ta sha taɓon kwana uku ba. Na gaya wa Alhaji Bawa zan ƙara kwana.

Haka na zauna a ƙarƙashin rumfar, ƙafafuna cikin daro, littafin rubutu a cinya, ina tsara jawabin da zan yi wa Yaya. Na rubuta, na soke, na sake. Na sa gabatarwa, na sa dalilai, har na sa ayar da zan rufe da ita. Mai shayi yana kawo mini kofi bayan kofi. Direbobi suna zuwa suna gaishe ni, wani ya kawo ƙarar malamin 'yarsa, na saurare shi da nauyi, na rubuta sunan makarantar kamar akwai abin da zan iya yi. Na ji daɗin wannan safiyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarka. Na ji daɗinta fiye da duk wata safiya cikin shekaru biyun da suka gabata.

Wajen sha biyu sai ga Ɗanjuma. Direba ne mai ɗaukar kifi daga mararrabar tunga zuwa Kalgo, sau biyu a yini, kuma ƙanen matar Yaya ne. Ya zo cin abinci, ya gan ni, ya tsaya da kwano a hannu.

"Malam? Kai ne nan? To wa ake jira a gindin tsamiya?"

Ya ce tun hantsi Yaya ya fito tarye, shi da dattawan tunga, an shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar shiga gari, mata sun dama fura, an ɗaure rago. Ya ce Yaya ya sa hular da na saya masa da albashina na farko. Ya ce in shiga motarsa yanzu ya sauke ni bayan kwanar ƙarshe, in ƙarasa da ƙafa, shi ba zai gaya wa kowa ba. Na ce na yi alwashi, ba zan hau mota ba. Ya ce to me zai gaya musu. A nan ne ya kamata in ce, gaya wa Yaya ƙafata ta fashe, ina neman afuwa, gobe ina tafe. Kalma goma sha biyu. Amma direbobin da suke ce mini Yallaɓai suna zaune suna ji, kuma ban so su san cewa mai duba makarantu yana kan hanyar zuwa durƙusa wa masunci ba. Na rage murya na ce masa ya ce bai gan ni ba.

Ɗanjuma ya dube ni, ya dubi rigar a kan igiya, ya ajiye kwanon bai ci ba. Ya ce shi ba ya yi wa mijin yayarsa ƙarya. Ya tafi.

Alhaji Bawa ya ji komai. Ya jawo bencinsa kusa da ni, ya daina ce mini Yallaɓai daga lokacin.

"Malam, wanga hutu naka ba na ƙafa ba ne," in ji shi. "Na shekara ashirin ina ganin gajiyayyu, suna barci ne, ba su rubutu. Tashi ka tafi da taɓonka. Shi ne ma abin da ɗan'uwanka zai so ya gani."

Na gaya masa cewa ni na san abin da nake yi, kuma ɗaki na kama ba shawara ba. Ya ce haka ne, ya mayar da bencinsa inda yake. Bai sake yi mini magana ba har na bar gidan.

Daga nan ranar ta juya. Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Katifa ce a ƙasa, da ƙusa a bango, da taga mai kallon bayan tasha. Na ji kiran azahar, na lissafa cewa da na fita da asuba da yanzu na wuce rabi. Na yi salla a ɗaki don kada in haɗu da kowa. An kawo mini shinkafa da kifi, na kasa ci, don bandar irin ta tungarmu ce, na san ta da ƙamshi. Rana ta fito bayan azahar. Na ji kiran la'asar, lokacin da na rubuta da hannuna cewa zan iso. Ana idar da salla mai wanki ya ƙwanƙwasa, ya miƙo rigar, ta sha sitaci ta sha guga. Na rataye ta a ƙusar. Na zauna a katifa, ita tana tsaye a bango da faɗin kafaɗunta, kamar wani babban mutum ya shigo ya same ni. Mu biyu muka kasance a ɗakin har magariba. A waje motoci suna cika suna tashi, 'yan kamasho suna kiran Bunza, Bunza, saura mutum ɗaya. Ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan yammacin ba, sai bayan rasuwar mahaifiyarka.

Ba na hana ka hutawa. Duk mai doguwar tafiya zai huta, kuma wanda ya ƙi hutawa don taurin kai shi ma wawa ne. Amma kafin ka ajiye jaka ka tambayi kanka abin da ya gaji, ƙafarka ce ko zuciyarka ce ke tsoron abin da ke gaba. In ƙafa ce, ka kwanta. In tsoro ne, hutu ba ya rage shi, kumbura shi yake yi. Kuma ko wanne ne, in akwai mai jiranka, ka aika masa. Mu a lokacin waya ba ta kai tunga ba, amma Allah ya kawo mini manzo har gabana na kore shi. Ku yanzu kuna da ita a aljihu, ba ku da wani uzuri ko kaɗan.

Ran Juma'a na fita bayan asuba, da takalman roba, ka ga ashe suna sayuwa. Na isa bayan la'asar. Kafin kwanar ƙarshe na shiga bayan wata gona na sa farar rigar. A gindin tsamiya babu kowa. Akwai duwatsun murhu uku da toka, da wurin da ciyawa ta kwanta saboda tabarmi, da guntuwar igiya a jikin saiwa inda aka ɗaure ragon. Na tsaya ina kallonsu. Daga baya matar Yaya ta gaya wa mahaifiyarka yadda aka yi. Da azahar Yaya ya sa aka yanka ragon, ya ce Auta mutumin agogo ne, ba ya makara. Ɗanjuma ya iso gab da la'asar. Ya so ya ja Yaya gefe, Yaya ya ce ya faɗa a nan, ai duk 'yan'uwa ne. Sai ya faɗa: ya gan ni a masaukin Kalgo ina shan shayi, ina jiran guga. Dattawan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Yaya bai tashi ba sai magariba. Shi ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya cire hular ya sa a aljihu.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran raga. Ya miƙe, ya ba ni hannu biyu.

"Maraba da Malam. An sha hanya."

Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, inda ake saukar da baƙi, ba a cikin gida a ɗakin mahaifiyarmu inda nake kwana tun ina yaro ba. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka kawo sauran naman jiya da aka soya. Duk abin da ake yi wa baƙo na kirki an yi mini, ba a rage komai ba. Na durƙusa na fara jawabina. Ban gama gabatarwa ba ya ɗaga hannu, ya ce babu komai, ya yafe tun ranar, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya kama gefen hannun rigata da yatsu biyu, ya murza.

"Ta sha guga kuwa," in ji shi.

Da safe ya yi mini rakiya har mararraba. Na ce da ƙafa zan koma. Sai ya tsayar da motar Ɗanjuma, ya buɗe mini ƙofar gaba da hannunsa.

"Shiga, Malam. Tafiyar ƙasa ba taka ba ce."

Na shiga. Da motar ta tashi na waiwaya, ya riga ya juya.

Kuskurena na ƙarshe ya fi sauran tsawo. Na dawo Gwandu da fushi. Na ce ni da na taka ƙasa kwana huɗu, ƙafata ta fashe, a ce kwana ɗaya ya shafe duka? Na riƙe wannan lissafin kamar mai gaskiya. Da na koma bayan mako guda, ba takarda, ba riga, na zauna kusa da shi na kama gyaran raga ko ban iya ba, na sake komawa, na sake komawa, wataƙila wata rana bakinsa ya suɓuce ya ce mini Auta. Ban yi ba. Na jira ya gane wahalar da na sha. In ka nemi gafara aka ba ka ta baki aka hana ka ta zuciya, kada ka yi fushi, ba a bin mutum bashin yafiya. Ka riƙa komawa har ya gaji da ganinka a matsayin baƙo.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ka karanta kafin ku tashi. Motar Ilorin ta Kalgo take bi. Yayanka Sanda yana nan a rumfarsa ta gyaran babura kafin mararraba, hannun hagu, ka san wurin ko da yake shekara biyu ba ka taka ba. Na ji abin da ka ce masa a tsakar gidan nan lokacin jinyar mahaifiyarku, da kuke gardamar asibitin da za a kai ta. Ka ce ya yi shiru, me ya sani, shi da ko sakandare bai gama ba. A gaban matarsa ka faɗa. Ina ɗaki ina ji, ban fito ba, don muryata na ji a bakinka. Ni na koya maka. Ni na riƙa nuna takardun sakamakonka ga baƙi ina tsallake shi kamar ba ya wurin, shi da na sa wa sunan Yaya. Shi ya yi jigilar mahaifiyarku a bayan babur zuwa allura wata huɗu kana jami'a. Ban taɓa ce masa sannu ba.

Ran Juma'a na tambaye ka ko za ka yi masa sallama, ka ce hanya da nisa, ba ka so ka isa a gajiye, sai ka dawo hutun Salla in ka natsu, ka zo masa da tsaraba. Na san wannan maganar. Na san har da tsarabar, tawa fara ce mai sitaci. Ka ce wa direba ya sauke ka a Kalgo. In kujerar ta tafi, ta tafi, akwai wata motar jibi, kuma sai Alhamis za ka kama aiki. Kada ka kira shi a waya tukuna, kada ka shirya abin da za ka faɗa. Ka je da kayan da ke jikinka, ka zauna a bencinsa mai baƙin mai. In ya yi maka tarbar baƙo, ka ƙi tashi. In kwana ya kama ka, ka kwana a gidansa, ko a tsakar gida ne, kada ka nemi masauki.

Ban sani ba ko za ka yi. Ban yi maka abin da zai sa ka ji maganata ba, kuma na daina sa rai da mutane tun da daɗewa. Daga gobe gidan nan ni kaɗai ne da rediyo. Ba na faɗa don ka ji tausayina, na saba.

Allah ya kiyaye hanyarka, ya tsare ka a mota da a ƙasa, a inda ka sani da inda ba ka sani ba. Allah ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya ba ka lafiya da abinci na halal, ya sa ka fi ubanka hankali. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya jiƙan Baffanka. In ka sauka, ka gaida Sanda da iyalinsa, ka ce masa na ce sannu. Zai san ta mece ce.

Baffanka ya rayu shekara bakwai bayan wannan Juma'ar. Na je masa Salla sau biyu, a zaure na kwana duka biyun, Malam ya kira ni har ya koma ga Allah. Ranar kasuwar Kalgo, da ya ɗaga mini hannu da kwando a kansa, ita ce rana ta ƙarshe da aka kira ni Auta. Babu sauran mai kirana da shi.

Mahaifinka.